Yadda ake tace cinikin kwana talatin da suka wuce a rumbun bayanai

Duk mai riƙe da kwamfutar shago ko ta asibiti ya san tambayar nan: "Nawa muka sayar cikin kwana talatin ɗin nan?" Ni daga bakin kawuna nake jin ta, wanda ke sarin magunguna a Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ni ke kula masa da rumbun bayanan shagon. MySQL, wato manhajar da ke riƙe rumbun, muke amfani da shi, saboda haka yawancin misalan nasa ne, in kuma akwai inda takwarorinsa irin su PostgreSQL, SQLite ko SQL Server suka saɓa masa zan faɗa.

Abin da ake nema shi ne umarni ɗaya wanda ba sai an riƙa sauya masa kwanan wata da hannu kowace safiya ba. Yau ya kawo kwana talatin da suka ƙare a yau, gobe ya matsa gaba da kansa, ya saki rana ɗaya ta baya ya ɗauki sabuwa. Rubuta shi bai wuce layi biyu ba. Aikin yana wajen sanin inda zangon ya fara, inda ya tsaya, da agogon da ake bi.

Teburin da zan yi misali da shi sunansa `ciniki`. Kowane layi saye ɗaya ne, da gurbin `kudi` da gurbin `lokaci`, wanda ke ɗauke da rana har da awa da minti.

Ka fara tambayar mai shago

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka koma wurin wanda ya yi tambayar. Da na ce wa Kawu, "Kawu, har da cinikin yau za a sa, ko a tsaya a jiya?", ya ce, "To yau ai ba a tashi kasuwa ba, me za ka lissafa?" Ka ga shi cikakkun kwanaki yake so, waɗanda aka rufe shago aka ƙirga kuɗinsu. Yaron da ke kula da sito kuwa har da na yau yake so, don ya san abin da ya fita tun safe. Tambaya iri ɗaya, umarni biyu.

Na Kawu, cikakkun kwana talatin ban da yau (`CURDATE()` yana nufin ranar yau, ba awa):

```
SELECT SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE lokaci >= CURDATE() - INTERVAL 30 DAY
  AND lokaci <  CURDATE();
```

Na sito, kwana talatin har da yau:

```
WHERE lokaci >= CURDATE() - INTERVAL 29 DAY
  AND lokaci <  CURDATE() + INTERVAL 1 DAY
```

Lura da 29 ɗin nan. In yau 30 ga Afrilu, ka cire 29, ka sauka a 1 ga Afrilu, kwana talatin ke nan cif. In ka cire 30 kuma ka haɗa da yau, ka sauka a 31 ga Maris, kwana talatin da ɗaya ke nan. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, jimlar dai za ta ɗan kumbura kullum, sai ranar da wani ya gwada ta da littafin ciniki.

A PostgreSQL kana iya cire lamba kai tsaye daga rana: `CURRENT_DATE - 29` da `CURRENT_DATE + 1`. A SQLite `date('now', 'localtime', '-29 days')` ne. A SQL Server `DATEADD(day, -29, CAST(GETDATE() AS date))`. Salon rubutu ne kawai ya bambanta, lissafin ɗaya ne.

Akwai kuma masu rubuta `NOW() - INTERVAL 30 DAY`. Wannan ba kuskure ba ne in dai abin da ake so ke nan, amma ka san `NOW()` yana tafe da awa da minti. In ka kunna shi ƙarfe goma na safe, zai yanke ranar farko daga ƙarfe goma, cinikin sassafe na ranar ya fita. In ka sake kunna shi bayan la'asar, ya ƙara yanko wani. Mai shago ya duba da safe ya ga jimla, ya duba da yamma ya ga ta ragu alhali an wuni ana ciniki, sai ya fara kallon yaran shago da wani ido. Don lura da abin da ya faru a awa 24 da suka wuce, misali saƙonnin kuskure na manhaja, `NOW()` ne daidai. Don lissafin kuɗin da mutum zai kwatanta da littafi, ka tsaya a `CURDATE()`.

Me ya sa ban yi amfani da BETWEEN ba

Ya fi daɗin karantawa, na yarda. Amma `BETWEEN` yana haɗawa da bakin farko da bakin ƙarshe duka, kuma idan gurbin yana ɗauke da awa, ranar da ka rubuta ba awa ana ɗaukarta a matsayin ƙarfe 12 na dare, farkon ranar. Saboda haka `BETWEEN '2025-04-01' AND '2025-04-30'` zai kawo maka komai har zuwa daƙiƙar farko ta 30 ga wata, sannan ya zubar da duk cinikin wunin ranar.

Wasu suna toshe ramin da rubuta `23:59:59`. Yana aiki har ranar da gurbin ya fara ajiye ɓurɓushin daƙiƙa, sai sayen da aka yi a 23:59:59.4 ya faɗa tsakanin ranaku biyu, babu wadda ta ɗauke shi. A SQL Server ma, tsohon nau'in `datetime` yana tura .999 zuwa daƙiƙa ta gaba, ka wayi gari cikin gobe. Ni dai ƙa'idata ɗaya ce a kowane rumbu: `>=` a farko, `<` a ƙarshe, kuma ƙarshen ya zama farkon ranar da ba ka so. Da haka zangon wannan mako da na makon jiya suna haɗa baki, babu layin da zai shiga sau biyu, babu wanda zai ɓace.

Agogon wa?

Nan ne aka fi shan wahala, domin matsalar ba ta nuna kanta da rana tsaka. Agogon Najeriya yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, kuma ba ma matsar da shi da rani ko hunturu kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Nijar ma agogonmu ɗaya, don haka wanda ke da reshe a Maraɗi ba shi da wannan damuwar tsakaninsa da Katsina. Damuwar tana tsakaninka da uwar garke, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a cikinta. In rumbunka yana kan intanet, akasari agogonsa a UTC yake. Ƙarfe 12 da rabi na dare a Katsina, shi a wurinsa 11 da rabi ne na jiya.

A watannin da ake rufe shago bayan isha'i ba wanda zai lura. Amma a goman ƙarshe na azumi gari ba ya barci, ana saye har tsakar dare, kuma duk abin da aka saya tsakanin 12 da 1 zai koma lissafin jiya. Asibiti ko gidan mai da ke aiki dare da rana kullum suna cikin wannan.

Fara da tambayar rumbun kansa ƙarfe nawa yake gani: `SELECT NOW();` ka duba agogon hannunka. In gurbinka nau'in `TIMESTAMP` ne a MySQL, ya isa ka rubuta `SET time_zone = '+01:00';` a farkon haɗuwa da rumbun, shi zai juya komai. Sunan `Africa/Lagos` ma yana aiki, amma sai an loda teburan yankunan lokaci a MySQL, kuma ba kowace uwar garke aka yi wa haka ba. Tunda agogonmu ba ya motsi, `+01:00` ya wadatar. A PostgreSQL, in gurbin `timestamptz` ne, `SET TIME ZONE 'Africa/Lagos';` shi ke nan.

In kuwa gurbin `DATETIME` ne kuma manhajar tana zuba lokacin UTC a ciki, MySQL ba zai juya maka komai ba, abin da aka zuba shi zai ba ka. Sai ka juya iyakokin da kanka:

```
SET @yau = DATE(UTC_TIMESTAMP() + INTERVAL 1 HOUR);

SELECT SUM(kudi)
FROM ciniki
WHERE lokaci >= @yau - INTERVAL 30 DAY - INTERVAL 1 HOUR
  AND lokaci <  @yau - INTERVAL 1 HOUR;
```

Wato tsakar daren Katsina ita ce 11 na daren jiya a UTC. Masu SQLite su kula: `'now'` ɗinsa kullum UTC ne, shi ya sa na sa `'localtime'` a misalin sama.

Akwai wani agogon da ba a cika tunawa da shi ba, na kwamfutar da ke kan kantar shago. A cikinta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. In ya mutu, aka ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon kan koma wata tsohuwar shekara, yaron shago kuma bai duba kusurwar allo ba, ya ci gaba da buga rasit. Cinikin wunin nan yana cikin rumbu lafiya lau, amma babu zangon kwana talatin da zai taɓa ganin sa. Saboda haka lokaci-lokaci nakan kunna wannan:

```
SELECT MIN(lokaci), MAX(lokaci), SUM(lokaci IS NULL)
FROM ciniki;
```

In mafi tsufa ya girmi shagon, ko mafi sabo yana cikin shekara mai zuwa, akwai gyara. Na ukun yana ƙirga layukan da ba su da kwanan wata ko kaɗan, domin `NULL`, wato gurbin da aka bari babu komai, ba ya cin jarrabawar `>=` kuma ba ya cin ta `<`, shiru kawai yake fita daga lissafi.

Kada ka naɗe gurbin cikin aiki irin `DATE()`

Za ka ga mutane da yawa suna rubuta `WHERE DATEDIFF(CURDATE(), lokaci) <= 30` ko `WHERE DATE(lokaci) >= ...`. Da tebur yana ƙarami ba za ka ji komai ba. Da ya yi shekaru yana tara layuka, rahoton da ke fitowa nan take sai ya koma ana jiran sa.

Dalili shi ne fihirisa, wato jerin da rumbun ke ajiyewa a gefe don saurin nemo layi. In ka yi `CREATE INDEX ciniki_lokaci ON ciniki (lokaci);`, rumbun yana ajiye lokutan a jere, ya iya tsallakawa kai tsaye zuwa farkon zangonka ya karanta har ƙarshensa ya tsaya. Amma da zarar ka naɗe `lokaci` cikin `DATE()` ko `DATEDIFF()`, dole ya lissafa amsar a kan kowane layi kafin ya san ko yana ciki. Kamar katan-katan ne da aka jera a sito bisa ranar shigowarsu, sannan ka ce wa yaro sai ya buɗe kowanne ya duba. Shi ya sa a duk misalan nan gurbin yake tsaye shi kaɗai a hagu, duk lissafin yana dama. Ko a maganar UTC, iyakokin na juya, ban taɓa gurbin ba.

Sa `EXPLAIN` a gaban umarninka ka gani da idonka. A MySQL, `range` a gurbin `type` yana nufin ya bi fihirisa, `ALL` yana nufin ya karance teburin duka. A PostgreSQL za ka ga `Seq Scan` in ya karance duka. In teburin ɗan ƙarami ne, ko zangon ya cinye yawancinsa, rumbun kan zaɓi karance duka da gangan saboda ya fi masa sauƙi, wannan ba abin damuwa ba ne.

`DATEDIFF` ɗin can yana da wani aibin ma: ba shi da rufi. Layin da aka yi kuskuren ba shi ranar shekara mai zuwa zai ba da lamba ƙasa da sifili, ita ma ai ba ta kai 30 ba, sai ya shige cikin jimla.

In kuma ka gaji rumbun da aka ajiye rana a matsayin rubutu, irin `03/04/2025`, to ka fara gyara wannan kafin komai. Mu nan 3 ga Afrilu muke karantawa, manhajar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris take gani, kuma rubutu irin wannan ba ya jeruwa daidai. A SQLite, inda dama babu nau'in rana na musamman, ka ajiye shekara, wata, rana: `2025-04-03`. Shi ne tsarin ISO 8601, kuma jerinsa na haruffa shi ne jerinsa na lokaci.

Wata ba kwana talatin ba ne

In aka ce maka "wata ukun da suka wuce", sake tambaya. Cire `INTERVAL 1 MONTH` daga 31 ga Maris 2025 zai sauke ka a 28 ga Fabrairu a MySQL da PostgreSQL, a 2024 kuwa 29. SQLite da `'-1 month'` zai lissafa 31 ga Fabrairu, ya ga babu ita, ya gangara zuwa 3 ga Maris. Tsawon zangon yana sauyawa daga wata zuwa wata. In za a kwatanta zango da zango, na fi son kwana 28 ko 91, domin suna rabuwa da bakwai, kowane zango yana da Juma'a da ranakun kasuwa daidai da ɗan'uwansa.

Zangon yana iya kallon gaba ma. A shagon magani wannan ya fi na ciniki muhimmanci, don maganin da wa'adinsa ya ƙare asara ce, sayar da shi kuma laifi ne:

```
SELECT suna, waadi
FROM magunguna
WHERE waadi >= CURDATE()
  AND waadi <  CURDATE() + INTERVAL 90 DAY
ORDER BY waadi;
```

Kwalaye da yawa wata da shekara kawai ake bugawa a jikinsu, kamar 06/2026, ma'ana ƙarshen watan. Lokacin shigarwa ka bi da shi ta `LAST_DAY()` don ya zauna a 30 ga Yuni. Kuma ka yi wa waɗanda suka riga suka wuce wa'adi nasu umarnin daban, `waadi < CURDATE()`, domin wannan na sama yana sakin magani daga jerin a daidai ranar da ya fi buƙatar a gan shi.

Jimlar kwana bakwai ga kowace rana

Wani lokaci ba jimla ɗaya ake so ba. Ana son kowace rana ta zo da jimlar kwana bakwai da suka ƙare a kanta, don a ga ko kasuwa tana hawa ko tana sauka ba tare da hayaniyar rana ɗaya ta ruɗe mutum ba. MySQL 8.0 da PostgreSQL 11, duka na 2018, suna iya wannan kai tsaye. Ga na MySQL:

```
WITH kullum AS (
  SELECT DATE(lokaci) AS rana, SUM(kudi) AS jimla
  FROM ciniki
  WHERE lokaci >= CURDATE() - INTERVAL 36 DAY
    AND lokaci <  CURDATE()
  GROUP BY DATE(lokaci)
),
tafe AS (
  SELECT rana, jimla,
         SUM(jimla) OVER (
           ORDER BY rana
           RANGE BETWEEN INTERVAL 6 DAY PRECEDING AND CURRENT ROW
         ) AS bakwai
  FROM kullum
)
SELECT * FROM tafe
WHERE rana >= CURDATE() - INTERVAL 30 DAY;
```

Na ɗebo kwana 36 ne ko da yake 30 zan nuna, saboda ranar farko tana buƙatar kwana shidan da ke bayanta. In ba haka ba, farkon jadawalin zai nuna kamar kasuwa ta mutu sannan ta farfaɗo. `DATE()` da ke cikin `GROUP BY` ba ya hana fihirisa aiki, don tacewar ta riga ta faru a `WHERE`.

Kalmar da za ka riƙe a nan ita ce `RANGE`. Misalai da yawa `ROWS BETWEEN 6 PRECEDING` suke nunawa, wanda layuka bakwai yake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Ranar Sallah da washegari shagonmu a rufe yake, kowa ya tafi kallon hawa a Ƙofar Soro, babu layi ko ɗaya a teburin. `ROWS` zai tsallake ranakun ya jawo wasu daga baya, "kwana bakwai" ɗinka ya zama tara. `RANGE` kalanda yake bi. In matsakaici kake so, ka raba jimlar da 7 da kanka, domin `AVG` ranakun da ke da layi kaɗai zai ƙirga. A PostgreSQL ana rubuta `INTERVAL '6 days'`, kuma `generate_series` zai iya samar maka da jerin ranaku har da waɗanda ba a yi ciniki ba.

Maganar Sallah ta kawo mu ga kwatanta bana da bara. Kawu yakan ce, "Duba mana, bara war haka nawa muka yi?" Cire `INTERVAL 1 YEAR` yana ba da amsa, amma cinikinmu watan Musulunci yake bi fiye da na Bature. Azumin 2024 an fara shi a Najeriya ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris. Wanda ya kwatanta goman farko na Maris a shekarun biyu, ya kwatanta kwanakin azumi da na kafin azumi ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka cire 354 yana kusantar da kai, cire 364 kuma yana daidaita ranakun mako. Ni na buɗe ɗan ƙaramin tebur mai ranakun fara azumi da Sallah ƙarama da babba, ina shigar da su da hannu bayan Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, sannan in auna zangon daga can.

Abu na ƙarshe da zan ba da shawara: a cikin manhaja, kada ka bar `CURDATE()` a binne cikin umarnin. Ka sa manhajar ta lissafa farko da ƙarshe ta miƙa su a matsayin ƙima biyu, `lokaci >= ? AND lokaci < ?`, ta kuma buga ranakun biyu a saman rahoton. Da haka in aka kawo maka takardar makon jiya ana gardama a kanta, kana iya sake fitar da ita yadda take. Kuma kana iya gwaji ba sai ka jira tsakar dare ba: ka zuba layuka huɗu na gwaji, ɗaya a 23:59:59 na daren da ke gaban farkon zango, ɗaya a 00:00:00 na ranar farko, ɗaya a 23:59:59 na ranar ƙarshe, ɗaya a 00:00:00 na washegari. Na biyu da na uku ne kaɗai ya kamata su fito.